Daga Jos zuwa Assop da rufin mota a buɗe

Yayana yana da wata Mercedes SLK 'yar Kwatano mai kujera biyu, wadda rufinta ke naɗewa ya shige but da zarar an danna maɓalli. A watan Janairu, hunturu na tsakiyar kaɗawa, muna fitowa daga sallar asuba ya miƙo mini makulli ya ce in ja mu zuwa Assop, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu.

Na ce, "Yaya, a wannan sanyin za mu buɗe ta?"

Ya ce, "Ai da rana ba ta buɗuwa, kai ne zai ɗauki zafi. Ka dai sa hular sanyi."

Jos tana zaune a kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya daga doron teku, shi ya sa sanyin safiyarta ke shiga har ƙashi. Amma abin da na lura da shi tun kafin mu bar titin Bauchi shi ne iskar ba ta fuska take zuwa ba. Gilashin gaba yana tura ta sama, sai ta kewayo ta baya ta daki ƙeya. Da muka ɗaga gilasan gefe muka juya hita zuwa ƙafa, daga ƙirji zuwa ƙasa ɗumi ne. Irin wannan motar kuma, tun ƙirar 2004, akwai masu ɗan huji a matashin kujera da ke huro iska mai ɗumi a wuya. Yatsu ne kawai suka sha wuya a kan sitiyari.

A Bukuru na fara gane abin da Yaya yake nema. Hayaƙin itace, ƙanshin ƙosai, ƙarar kofin mai shayi, duk suna shigowa kai tsaye. Gefen hanya ga tsoffin ramukan kuza da Turawa suka bari sun zama tafkuna, hazo kwance a kansu. Na sha bin wannan titi a motar haya, gilashi a rufe, ban taɓa jin sa a jikina haka ba.

Muka karya kwana a Mararrabar Jama'a, muka wuce Kuru. Wajen Riyom rana ta ɓullo ja cikin ƙura, ta haska duwatsun nan da ke ɗore kan juna da gonaki masu shingen kerana. A nan na rage gudu sosai, domin bishiyoyi sun yi ƙaranci, iska kuma ta samu fili.

Hawan Kibo ba wurin kallo ba ne. Gangare ne mai kwana-kwana wanda ya ci rayuka da yawa, musamman idan birki ya tsinke wa babbar mota. Yaya ya ce, "Sa ƙaramin giya, kada ka dogara da birki." Warin birkin tirelar da ke gabanmu har maƙogwaro nake jin sa, na ba ta tazara mai yawa. Muna sauka kunnuwana suna toshewa, iska tana ƙara ɗumi kwana bayan kwana.

Da muka isa Assop, kimanin kilomita 60 daga Jos, gumi ya fara tsatso mini a ƙarƙashin hula. Muka rufe motar saboda ƙura, muka tuɓe rigunan sanyi, muka gangara wajen ruwan da ƙafa.