Komaye 11 da maganin bai kai gare su ba

Da kuɗina na sayo Tirikodama, funfunar da ke kare saiwar tumatir daga cuta, kwana 10 ina lallaɓa ta kamar jinjiri, sannan da hannuna na ɗura mata guba. Har yau in na tuna safiyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Lambuna yana bakin kogin Galma, gabas da Zariya. Gado ne, kuma tun ina yaro kusan kowane rani tumatir ake dasawa a wurin. Ni mai dashen baya ne, sai Disamba nake dasawa don ɗiba ta faɗo ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin da kaya suka ja baya kwando ya fara daraja. Kowane ɗan lambu ya san kasadar da ke ciki. A 2016 sharon, tsutsar nan mai cin ganye da 'ya'yan tumatir, ta cinye mu har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, amma ita ko ba komai kana ganin aikinta a ganye. Abin da ya addabe ni rani uku a jere ba ya nuna fuska. Shuka za ta yi kyau, ta yi fure, ta fara ɗaura 'ya'ya, da hunturu ya ɗaga zafi ya shigo sai ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa, sau da yawa gefe guda kawai, ɗaya gefen shar. Da rana ta yi yaushi, da yamma ta farfaɗo, ka ce ƙishi ne ka ƙara mata ruwa. Kafin mako biyu ta bushe da 'ya'yanta a jiki.

Wani malamin gona da ya yi karatu a Samaru ne ya warware mini. Ya tuge guda ɗaya, ya tsaga karan da reza, ya nuna mini zane ruwan ƙasa da ya bi cikinsa tun daga gindi. Ya yanki wani guntu ya rataya a kofin gilashi mai ruwa, muka zuba ido. Ya ce da wani farin abu kamar madara ya zubo, to yaushin bakteriya ne, maganar daban ce. Ba abin da ya zubo. Ya ce Fusariyam ne, funfuna ce da ke zaune a ƙasa, tana shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin da ruwa ke hawa, shi ya sa shuka ke mutuwa da ƙishi ƙafarta cikin laima. Tana son ƙasa mai ɗumi, wajen digiri 28, tana iya shekaru a gona ko ba tumatir, kuma in ta riga ta shiga kara ba feshin da zai cim mata. Harafin F da ke jikin sunan irin Roma VF ma ita yake nufi, sai dai cutar iri-iri ce, wanda ya jure wa wannan ba lalle ya jure wa waccan ba.

Da ya ce in nemo Tirikodama dariya na yi. Na ce, "Malam, funfuna ta kashe ni, kuma in ɗauki kuɗi in sayo funfuna?" Ya ce wannan ta gida ce. Tana mamaye saiwa ta cinye abincin da muguwar za ta samu, in sun haɗu ta nannaɗe ta ta narkar da bangon jikinta, kuma tana sa shukar kanta ta zama cikin shiri. Ya ce tun 1932 masana suka ga tana cin 'yan uwanta. Sharaɗinta ɗaya: ta riga abokiyar gaba isa saiwa.

Aikin kansa ba wuya. Gari ne a leda, an rubuta Trichoderma a jiki. Na kwaɓa kilo 1 cikin ruɓaɓɓen kashin shanu kamar kilo 100, a gindin mangwaro, da laimar da in ka dunƙula zai haɗe amma ba zai ɗiga ba. Na rufe da buhunan algarara ina juyawa duk bayan kwana uku. Wajen kwana na bakwai na ɗaga buhu na ga ya yi fari-fari, zuwa na goma ya koma kore. Na barbaɗa a wurin reno, ranar dashe na tsoma saiwoyi cikin ruwa mai giram 10 a kowace lita na kusan rabin awa, kowane rami ya samu cikin tafi na takin, muka dasa da la'asar. Komaye 64. Dashen ya kama yadda ban taɓa gani ba.

Mako uku bayan haka na shiga da sassafe na tarar da guda bakwai ko takwas a kusurwa ɗaya sun kwanta. Gabana ya faɗi. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban tona gindinsu ba, ban tsaga kara ba, ban kira Malam ba alhali lambarsa na cikin wayata. Na hau babur sai shagon magani. Yaron shagon ya miƙo mini wani gari mai haɗin kabendazim da mankozeb, ya ce in cire kan famfon feshi in riƙa tsiyayawa a gindin kowace shuka. Ban gaya masa akwai Tirikodama a ƙasar ba, shi ma bai tambaya ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, abin da na roƙa ya ba ni. A jikin ledar ɓaro-ɓaro an nuna maganin funfuna ne. Ni da na kwana 10 ina kiwon funfuna, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Maganin bai san ta gida da ta daji ba, kuma daga baya na ji cewa kabendazim na cikin waɗanda Tirikodama ba ta iya jurewa ko kaɗan.

Ni da ƙanena muka bi komi-komi har azahar, magani ya ƙare saura komaye 11 na can ƙarshe. Ya ce, "Yaya, in koma in ƙaro?" Na ce a bari sai gobe. Gobe injin ban ruwa ya ƙi tashi, kuɗin ya tafi wajen bakanike, maganar ta bi ruwa. Waɗancan da suka kwanta kuwa, da na tona bayan kwana biyu, tsutsa ce ta datse su a daidai ƙasa. Ba ruwansu da Fusariyam.

Ƙarshen Fabrairu zafi ya shigo, cutar ta zo kan lokacinta. A komayen da na shayar da magani kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, kamar sauran shekaru. A 11 ɗin nan, waɗanda suka mutu ban cika yatsun hannu biyu da ƙirgarsu ba. Kana tsaye a bakin lambu kana ganin iyakar, kamar an ja layi. Na tuge ɗaya daga kowane ɓangare na wanke: na can ƙarshe saiwarsa fara ce, cunkus kamar gemu, ɗayan kuwa 'yar tsiraru ce ta yi duhu.

Malam da ya zo ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ka ɗauki mai gadi, ka ciyar da shi, ka harbe shi a bakin ƙofa." Amma bai bar ni na yi ta murna da komayen nan ba. Ya nuna mini cewa sun ɗan fi tudu, kuma ruwa ba ya biyowa ta cikin marasa lafiya kafin ya iso su, don haka ba duka alherin ne na Tirikodama ba. Na yarda, gonar mutum ɗaya a rani ɗaya ba ta zama hujja. Sai dai komayen nan ba sabbi ba ne, bara waccan su ma sun mutu tare da kowa.

Bana na sake, da taka-tsantsan irin na wanda ya ƙone. Kafin in kwaɓa garin Tirikodama sai da na barbaɗa kaɗan a kan dafaffiyar shinkafa cikin roba mai murfi na ga ta yi kore, domin abu ne mai rai, in ya daɗe a shago ƙarƙashin kwano a zafin nan namu kana iya sayen gari kawai. A duba ranar da aka yi shi, a ajiye a ɗaki mai sanyi. Ɗanyen kashin kaji ban kusance shi ba, zafin da yake ɗauka in yana ruɓa ya isa ya dafa ta. Irin da ya zo da launi a jiki, ja ko shuɗi, an riga an shafe shi da magani, shi ya sa na fi dogara ga tsoma saiwa da takin rami fiye da shafa wa iri. Na rage yuriya, tunda takin da ya cika amoniya yana taimakon cutar, na zuba toka a inda ƙasar ta yi tsami, kusurwar da ta fi lalacewa kuma na ba albasa. Wadda ta kamu ina tuge ta da saiwarta in ƙone a waje, ba na jefawa a hanyar ruwa kamar da. Da ɗigon ganye ya fito na yi feshi a sama, a hankali, ban bari ya kwarara gindi ba, kuma sai da na kira Malam tukun.

Ban tsira gaba ɗaya ba. Inda tsutsar nan mai sa saiwa ƙulle-ƙulle take, cutar ta samu ƙofa, na rasa wasu. Amma na yi ɗiba har tsakiyar Afrilu, abin da rabona da shi tun kafin sharon. Duk kwandon da aka ɗora a mota sai na lissafa na bara da na zubar da kaina, komaye 53, a shekarar da kaya suka yi tsada.

Ledar maganin tana nan na soke ta a azarar bukkar lambu. Ƙanena kuwa ya samu abin tsokana. Ko ganye ɗaya ya gani ya karkata, sai ya ɗaga murya daga can ƙarshen lambu: "Yaya, in koma in ƙaro?"