Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Sunan Yankan Kakata

A makon jiya na tsaya ne a ranar da muka buɗe adakar mahaifina bayan sadakar arba'in, muka tarar da tsohuwar takardar lanho, wato haraji, ta kakana a naɗe cikin ƙyalle, gara ta ci gefenta. Da Faransanci aka rubuta ta, an jera maigida da matansa da ƴaƴansa, amma a layin uwargida kalma ɗaya ce kawai: Kande. Kowa ya san Kande laƙabi ne na macen da aka haifa bayan maza, ba sunan yanka ba. A nan ne ya faɗo mini cewa kakata Iya, matar da ta goye ni, ta dama mini fura shekara da shekaru, ban taɓa sanin sunan da aka raɗa mata ba, kuma abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Na fara da ofishin rajistar haihuwa da aure, ina zaton zan samu takardar aurenta. Dattijon da na tarar ya saurare ni da haƙuri, sannan ya bayyana mini cewa a zamanin mulkin Faransa, kafin samun ƴancin kai a 1960, waɗanda suka fi kai aurensu rajista su ne ma'aikatan gwamnati da tsofaffin sojoji masu neman fansho. Manomin gyaɗa irin kakana a ƙofar gida ake ɗaura masa aure: waliyyai su nema su bayar, a ambaci sadaki gaban shaidu, a shafa Fatiha, a raba goro, shi ke nan. Ya ƙara da cewa takardun Turawa sukan tambayi sunan da mace take da shi kafin aure, alhali Bahaushiya ba ta sauya suna don ta yi aure, sunan mahaifinta yana nan tare da ita har kabari. A wurinmu alkunya ce take ɓoye suna. Ina kyautata zaton da mai ƙidaya ya tambayi kakana, nauyin baki ne ya hana shi faɗin sunan uwargidansa a bainar jama'a.

Daga can na wuce unguwar Bagalam a Maraɗi wurin gwaggona, yayar mahaifina, wadda ita ce ƴar fari. Na same ta a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, wace shekara aka yi auren Iya?" Ba ta san shekarun boko ba, amma ta ce an sha gaya mata tana goye lokacin da ruwan Gulbi ya ci tsohon gari, kuma damina biyu ke nan da kawo Iya daga Tibiri. Wannan ambaliya a 1945 aka yi ta, ita ce ta sa Maraɗi ta tashi daga fadama ta hau tudu, saboda haka auren ya kama wajen 1943.

Da na tambayi sunan, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru mai tsawo. Mace mai shekara tamanin da ɗoriya, har yau bakinta ba ya iya furta sunan mahaifiyarta, kamar yadda ita ma mahaifiyar ba ta taɓa kiran nata ba. Daga bisani ta ce, "Kai ɗan nan, me ya sa kuke ce wa yayarku Ummi?"

Jikina ya yi sanyi. Sunan kakata aka mayar wa yayata, shi ya sa aka sakaya shi, kuma na sha ganinsa a takardunta na makaranta tun muna yara. Saura sunan mahaifin Iya, wanda Gwaggo ta ce sai dai a dangin waliyyinta a Tibiri. Can za mu nufa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.