Ranar da na rubuta wa likita aikin da bai yi ba

Aikina a ofishin karɓar kuɗin wani asibiti a Amurka shi ne mayar da rubutun likita zuwa lambobi. Kowace cuta tana da lambarta a kundin ICD-10-CM, wanda ƙasar ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, kowane aikin da likita ya yi kuma yana da tasa a kundin CPT. Da waɗannan lambobin kamfanin inshora yake biya, in sun sha bamban da abin da ke cikin fayil kuwa, kuɗin ya maƙale ko a dawo da shi.

Ban fi wata huɗu da fara aiki ba fayil ɗin wani yaro ɗan shekara tara ya zo hannuna. An kawo shi sashen gaggawa cikin dare yana kukan ciwo a marainansa na hagu. Likitoci suna tsoron irin wannan ciwo, don idan ƙwan maraina ne ya murɗe, jini yakan daina isa gare shi, kuma in an wuce kamar awa shida ana iya rasa ƙwan. Hoton sikanin bai fitar da su daga shakka ba, sai likitan tiyata ya shiga da yaron ya buɗe ya gani da idonsa.

A saman rahoton tiyatar an rubuta abin da ake zargi kafin aiki: murɗewar ƙwan maraina. Ni kuwa ina da fayil sama da talatin a gabana, sai na ɗauki wannan layin na farko na yi gaba. Na sa N44.00, na haɗa da 54600, wato warware murɗaɗɗen ƙwai ta hanyar tiyata. Lambobin sun dace da juna, kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, aka biya. Har na ji daɗin saurina.

Bayan mako uku mai binciken ofishinmu, wata dattijuwa da ta fi shekara ashirin a aikin, ta kira ni ta ajiye rahoton a gabana. Ta ce, "Karanta min sakin layi na uku da ƙarfi." Na karanta. Likita ya rubuta cewa ya tarar da ƙwan lafiya lau, jini na gudana, igiyarsa ba ta murɗe ba. Abin da ya murɗe har ya yi baƙi wani ɗan tsiro ne a saman ƙwan, shi ya yanke ya cire. Ta ce, "To, me ya warware?" Na yi shiru.

Wannan ɗan tsiron shi likitoci ke kira appendix testis. Ragowar wani bututu ne tun yaro yana cikin mahaifa, girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ba ya wani aiki, amma yana da ɗan siririn wuya da yake iya murɗewa, musamman ga yara 'yan shekara 7 zuwa 12. Wani lokaci har ana hango shi ta fata kamar ɗigon shuɗi. In an tabbatar shi ne, galibi maganin ciwo da hutu sun isa. Sunan kan ruɗi sabon shiga, wata abokiyar aikina ta taɓa neman sa a rukunin K35, na ciwon afendis ɗin hanji, alhali babu abin da ya haɗa su sai kalma.

Lambarsa daban take: N44.03. A tsohon kundin ICD-9 ita ce 608.23. Kusa da ita akwai N44.04, ta ɗan tsiron da ke jikin bututun da ke manne da ƙwan, don haka dole ka duba inda likita ya ce tsiron yake. Lambar ba ta nuna hagu ko dama, sai a lambar aiki ake liƙa LT (hagu) ko RT (dama).

Lambar aikin ce ta fi ba mu wuya, don babu wadda ta ambaci cire wannan tsiron da sunansa. Mafi yawan masu aikinmu suna amfani da 54512, cire wani abu daga jikin ƙwan ba tare da shiga cikin namansa ba, ita muka ɗauka. Na so in ƙara 55110, buɗe maraina don dubawa, tunda dai likita ya duba. Dattijuwar ta girgiza kai ta ce ai ba a cire abu sai an buɗe, kuɗin buɗewar yana cikin na cirewar. A ganina kundin ne ya gaza a nan, aikin da ake yi wa yara a kai a kai ya cancanci lambarsa, amma ba ni ke rubuta kundin ba.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Yaron yana ƙarƙashin Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, kuma doka ta ce in ka gano an biya ka abin da ba naka ba, kana da kwana 60 ka bayyana ka mayar. Na sake cike takardar neman biyan kuɗi ta CMS-1500, na sa lamba 7 a akwati na 22 don nuna ta maye gurbin ta farko. Abin da ya fi damuna ma shi ne tarihin yaron: na rubuta masa cutar da bai taɓa yi ba, kuma wani likita na iya ganinta shekaru masu zuwa.

Sai na koma kan takardar likitan gaggawa na daren, na tarar a can ma na yi tuntuɓe. Shi "ana zargin murɗewa" ya rubuta, ƙa'idar marasa lafiyar da ba a kwantar ba kuwa ta hana sa lambar zargi. Abin da ya tabbata a lokacin shi ne ciwon ƙwan hagu, N50.812. Ita ma na gyara ta.

Yanzu in rahoton tiyata ya zo, daga tsakiya nake farawa, inda likita ya faɗi abin da ya gani da abin da ya yanka, sannan in hau sama. In bai faɗi ko tsiron na jikin ƙwan ne ko na bututun ba, sai in tura masa tambaya a rubuce in ajiye fayil ɗin gefe. Wani likitan yakan yi kwana biyar kafin ya amsa.