Ka lissafa om, to wat ɗin fa?

Abin da ke damuna da yawancin masu koyon harkar lantarki shine kowa ya haddace V = I × R, amma kana tambayarsa wat nawa abin nan zai ci sai kaji shiru. Alhali wat ɗin shine zafin, shine warin ƙonewar nan da kake ji kafin hayaƙi ya tashi.

Lambobi biyu kawai kake buƙata a hannunka, boltej da karan. Boltej (V) shine ƙarfin da ke tura wutar, ana auna shi da bolt, karan (I) kuma yawan wutar da ke wucewa ne, ana auna shi da amp, kamar dai ruwa a tiyo, akwai ƙarfin turi akwai kuma yawan ruwan da ke fita. In ka raba boltej da karan ka samu turjiya (R), wato yadda abu ke tare wa wuta hanya, ana auna ta da om. In ka ninka boltej da karan ka samu wat (P). Misali batir mai bolt 12 ne, abin da ka jona yana jan amp 2, to 12 ÷ 2 om 6 kenan, 12 × 2 kuma wat 24. Shikenan fa. Wani Bajamushe malamin makaranta, Georg Ohm, shi ya wallafa ƙa'idar V = I × R a 1827, kuma da farko ba'a ma ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, sai a 1841 masana a Ingila suka bashi lambar yabo.

To bari muzo inda nakeso a tsaya a duba da kyau. Ɗauki ƙaramar jar fitilar LED, irin wadda ke riƙe kusan bolt 2 kuma tana son milliamp 20. Kafin komai ka mayar da milliamp ɗin amp, 20 ya zama 0.02, don anan mutane da yawa ke zamewa su samu amsar da ta kauce sau dubu. Ana jona LED ɗin a jere da rasista, wato ɗan abin da ke rage karan don kar ta ƙone. Da batir mai bolt 9, ka cire 2 na LED saura 7 akan rasista, 7 ÷ 0.02 ya baka om 350, sai ka saka 390 tunda ita aka fi samu. Wat kuma 7 × 0.02, wato 0.14, ƙaramar rasistar nan mai kwatan wat zata ɗauka lafiya lau ko ɗumi da ƙyar zakaji.

Yanzu ka mayar da wannan LED ɗin kan bolt 24. Saura 22 akan rasista, 22 ÷ 0.02 om 1100. Lissafin om yayi daidai, fitila ta kama tana haske ras, kowa ya tafi da murna. Amma 22 × 0.02 wat 0.44 ne, kusan ninki biyu na abin da mai kwatan wat zata iya jurewa. Ka sa yatsa akanta bayan ɗan lokaci zaka janye da sauri, a hankali fentin jikinta ya fara yin duhu, zanen kalolin nan su dusashe har ka kasa karanta su, wajen da take zaune a kan allon da aka jera kayan wutar ya yi baƙi. Sai a ce ai rasistar ce ba ta da kyau, alhali mai wat 1 ya kamata a saka tun farko. Ni dai ra'ayina duk abin da lissafi ya baka ka ninka shi biyu sannan ka zaɓi rasista.

Akwai wani abu kuma da James Joule ya gano wajen 1841, cewa zafin yana tafiya ne da karan sau karan, wato P = I × I × R. Ma'ana in karan ya ninku biyu zafi huɗu yake ninkuwa. Wallahi wannan ya kamata ya tsorata duk mai haɗa waya. A ce wajen jonin bai ɗauru sosai ba ko yayi tsatsa, ya zama yana da rabin om kacal, rabin om fa wanda kana gani a mita zaka ce ba komai, amma amp 10 na bi ta wajen, 10 × 10 × 0.5 wat 50 kenan a ɗan wurin da bai kai kan yatsa ba. In amp 20 ne ya zama wat 200. Shi yasa soket ke narkewa daga wajen ƙusa alhali sauran wayar lafiyarta ƙalau.

Haka boltej ma. Hita mai wat 1200 da aka ƙera don bolt 120 tana jan amp 10, turjiyarta om 12, ka jona ta a bolt 230 lissafi zai baka sama da wat 4400, bazata daɗe ba.

Sai dai a kula, ba kowane abu ne turjiyarsa ke tsayawa wuri ɗaya ba. Tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, mai wat 60 a bolt 230, lissafi yace kusan om 880, amma ka auna shi da mita yana sanyi zaka ga ko om 100 bai kai ba, saboda zaren sai yayi zafi turjiyarsa ke hawa. Inji mai juyawa kamar fanka ko famfo akan wutar AC, wato irin wutar gida, shima V × I baya bada ainihin wat ɗinsa, yakan ɗara gaskiya.

Wajen awo kuma, boltej ana ɗora bakin mita ne gefe da gefe, karan kuwa sai ka yanke hanya ka saka mitar a tsakiya wutar ta bi ta cikinta. Kar ka kuskura ka ɗora ta kai tsaye akan batir tana kan amp, fiyus ɗinta zai tafi nan take. In om zaka auna ka kashe wuta tukuna, ka ɗaga ƙafa ɗaya ta rasistar daga allo, in ba haka ba sauran kayan da ke jone da ita zasu shiga cikin awon su baka lambar ƙarya.