Asabar a kasuwar Panjiayuwan

Sanyin Bejin na yau ba a magana. Na so in yi zamana cikin bargo, amma abokina, wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui mai karatun tarihin fasaha, ya buga ƙofa tun bakwai na safe, wai sai mun je Panjiayuwan, kasuwar tsofaffin kaya.

A rumfa ta uku na hango shi: ɗan kaskon turare na tagulla, mai ƙafa uku da kunnuwa biyu, da rubutun Larabci a jikinsa. Na sunkuya ina haɗa baƙi, sai ga kalmar shahada. Tsikar jikina ta tashi. Mai rumfa ya juya min gindinsa, ya nuna hatimi, ya ce na zamanin Sarki Shuwande ne, wanda ya yi mulki daga 1425 zuwa 1435.

Abokina ya ja ni gefe yana dariya. Ya ce: "Ɗan'uwa, in duk kaskon da ke ɗauke da wannan hatimi na gaske ne, to sarkin bai yi aikin komai ba sai zubin tagulla." An shafe ɗaruruwan shekaru ana buga hatimin a kan sababbin kaya, har masana kansu na ta gardama kan wanne ne na asali. Kuma kayan masu rubutun Larabci an fi danganta su da zamanin Sarki Jengde, farkon ƙarni na 16. Wato ko ƙaryar ma ba ta daidaita ba.

Da muka zauna shan taliya mai romon naman sa ya buɗe min babin da ya fi tsaya min a rai. Sarki Huizong na daular Song, wanda ya hau gadon mulki a 1100, ya tara tagullar mutanen da, ta daulolin Shang da Jou, ya sa maƙera su zuba irinsu don bukukuwan fada. Daga nan kwaikwayon tsoho ya zama sana'a mai daraja har ƙarshen daular Cing. Sai dai gidajen tarihi na Turai da Amurka sun daɗe suna yi wa waɗannan kaya kallon jabu, tsohuwar tagulla mai shekara dubu uku kaɗai suke wa rububi. Henri Cernuschi dai, wani attajirin Faris ɗan asalin Italiya, ya kwaso su da yawa a tafiyarsa ta Asiya daga 1871 zuwa 1873, suna nan a gidan tarihi mai sunansa a Faris. A 2025 kuma gidan tarihi na Met a Niyok, tare da na Shanghai, ya shirya musu babban baje koli na kansu, kayan 1100 zuwa 1900.

Ni abin ya ban mamaki. Maƙerin da ya zuba kasko shekara ɗari biyar da suka wuce, ya goge shi har ya yi launin dabino, don kawai ya ɗauki siffar kakanninsa sai a ce ba gwani ba ne?

Na koma na taya. Daga yuwan dubu uku muka sauko ɗari da hamsin, mai rumfa yana rantsuwa da faɗuwa ya yi. Da dare na zuba toka da garwashi, na barbaɗa turaren wutan da Hajiya ta ƙullo min daga gida. Minti biyar ba a yi ba ƙararrawar hayaƙi ta ɗakin kwana ta fara ihu.