Makon farko na ɗalibi a Alƙahira

Sabon ɗalibi a Alƙahira, ka fara da layin waya: je shagon Vodafone ko Orange da fasfonka, don ba sa sayarwa sai da shi. Daga nan sai maganar iƙama (takardar izinin zama a ƙasar) a ofishin fasfo na unguwar Abbasiyya. Ka yi sammako, ka riƙe hotuna, takardar makaranta da kwafin fasfo da yawa, domin takarda ɗaya ta ɓace sai ka dawo gobe. Ranar Lahadi ana aiki, Juma'a ce hutu.

Larabcin littafi kuwa ba zai saya maka burodi cikin sauƙi ba; can "aish" suke ce masa, kuma harafin "jim" ɗinsu "gim" ce. Idan a Janairu za ka sauka, taho da rigar sanyi mai kauri da bargo, sanyinsu ya wuce na hunturu.