Lissafin jami'a hujja yake nema

Ƙanena zai cike lissafi a JAMB bana, Jami'ar Jos yake so kamar ni, kuma na ji daɗi har raina. Sharuɗɗan ba yawa: kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, sannan shekara 4 ana karatu.

Aji ɗaya da sauƙi, aljabra ne da kalkulas, ga fiziks da kwamfuta a gefe. A aji biyu ake sanin inda aka dosa. Malam zai rubuta jerin 1/n a allo, wato 1, 1/2, 1/3 haka har ba iyaka, ya ce a tabbatar yana tunkarar sifili. Kowa ya san haka ne, amma ba amsa yake so ba, hujja yake so. Zai ba ka epsilon, wato wani adadi da ya fi sifili, komai ƙanƙantarsa, kai kuma ka nemo N, wato matakin da daga shi lambobin jerin ba sa ƙara kai epsilon. Wallahi wannan kwas ɗin ne ya sa na ƙaunaci fannin. Cikin sanyin Jos, ina ƙudundune a bargo a masaukin ɗalibai na Naraguta, sai in yi ta juya hujja ɗaya har kiran assalatu.

Topoloji, wato nazarin siffofin da ba sa canzawa ko an lanƙwasa abu ko an miƙe shi, da sauran manyan kwasa-kwasai suna aji uku da huɗu, sai furojet a ƙarshe. Mai neman digiri mai daraja ta ɗaya sai makinsa ya kai 4.50 cikin 5.